Kofi Ɗaya na Ruwan Rijiya

A bakin rijiyar da ke bayan ma'aikatar narka batir ta mahaifinta Auta ta fara ganinsa, ya tsugunna yana ɗura ruwa a kwalba. Jami'in hukumar muhalli ne, siriri mai kunya. Suna haɗa ido kwalbar ta kusa suɓuce masa.

"Malam Mai Kwalba, sayarwa za ka yi?"

"Aunawa zan yi, ranki ya daɗe. Kar ki sha, akwai gubar dalma a ciki."

Wasa-wasa soyayya ta ƙullu. Bai ɓoye mata komai ba: za a kwashe gurɓatacciyar ƙasar unguwar, asusun gwamnati da ake tarawa daga harajin kamfanonin sinadarai zai ɗauki kaso, sauran kuwa wanda ya zubar da gubar ne zai biya. Wato Baba.

Ranar da ya dawo ɗibar ƙasa, ma'aikatan Baba suka rufe shi da duka kamar sun kama ɓarawo. Suka farfasa masa kwalaben a ka, wani ya sa ƙarfe ya doke shi a baki. Auta tana ihu, jini yana bin rigarsa.

Daga asibiti saƙonsa ya shigo: "Autata, daina kuka. Haƙori ne kawai ya tafi, zuciyar tana wurinki."

"In na ƙara jin zancen yaron nan sai na karya ki!" in ji Baba. "Ruwan nan lafiyarsa ƙalau, talauta ni yake son yi."

Auta ta miƙe ta fita. Ta je rijiyar ta ciko kofi, ta dawo ta durƙusa a gabansa.

"To Baba, bari in sha."

Kofin na taɓa bakinta Baba ya kai wa kofin duka da iya ƙarfinsa, har leɓenta ya fashe. Ya tsaya yana kallon jinin 'yarsa a bayan hannunsa. Ashe ya daɗe da sani, shi ya sa ruwan gora kaɗai yake sayo wa gidansa. Sai ya fashe da kuka.

Ya sayar da injinansa ya biya kasonsa, asusun ya cike sauran. A kan sabuwar ƙasar da aka zuba aka shimfiɗa tabarmin ɗaurin aurensu.

Baba ya riƙe hannun ango. "Ɗana, ka yafe min. Allah ya yi muku albarka."

Ango ya yi murmushi, giɓin ya fito fili. Har yau Auta ta hana shi sa haƙorin roba.