Saƙon Mai Jego

"Wai ba a buɗe jakarka? Ko kaɗan?"

Hajiya 'Yargoggo ce ta yi tambayar, ta saki ludayi a cikin kwanon kunu tana kallon ɗanta baki buɗe. Da hantsi ne, suna zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Kokoro. Ɗan nata Jalaluddeen yana kan tabarma, amaryarsa Hureira kuma tana gefe tana yanka masa gwanda tana satar kallonsa. Jalal ya daɗe a Amurka yana tuƙa manyan motoci. Bara ya zo aka ɗaura musu aure, ya koma ya bar ta a gaban mahaifiyarsa kafin takardunta na tafiya su fito, bana kuma ya zo hutu.

"Inna, wani tsari ne na amintattun matafiya," in ji shi, yana gyara zama irin na mai jin daɗin labarinsa. "Sai sun bincike ka ciki da waje, su kira ka su yi maka tambayoyi, su ɗauki hoton yatsunka. In ba ka da tabo, su ba ka kati. Ranar da ka sauka daga jirgi, mutane na layi kamar masu jiran ruwa a famfo, kai kuwa na'ura za ka kalla ta ɗauki fuskarka, ma'aikaci ya ce akwai abin da za ka bayyana, ka ce babu, ka wuce abinka."

"Ikon Allah! To ai shi ke nan, ba a buɗewa!"

"Suna buɗewa duk ranar da suka ga dama, Inna. Amana ce suka ba ni, in na ci ta su ƙwace."

Ina! Rabin farko kawai Hajiya ta ji, rabin ƙarshe iska ta kwashe. Kafin la'asar labari ya zagaye Kasuwar Kilomita Biyar, daga 'yan atamfa har 'yan waya, cewa ɗan 'Yargoggo yana da katin da ko duwan, wato kwastan, ba ta isa ta taɓa jakarsa ba. Da ma an ce baki shi ke yanka wuya, Jalal da kansa ya jawo wa kansa.

Washegari gida ya cika. Wannan da ƙullin daddawa na ɗanta, waccan da busasshen kifin kogin Ubangi na ƙanwarta, wani tsoho har da galan na man shanu a bayan taksi-moto, wato babur ɗin haya. A Kilomita Biyar kuwa kowa ya san mai tafiya jakarsa ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma ƙin karɓar saƙo bai da maraba da ƙin amsa sallama. Jalal ya yi ta ba da haƙuri yana mayar da kowa da kayansa. Aka fita ana taɓe baki, ana cewa yaro ya zama bature.

Duk wannan bai dami Hajiya ba, don a tunaninta bare ake mayarwa, ita ai uwa ce. Ta kira Hureira ɗakinta, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ƙamshin yaji da ƙuli ya cika ɗakin.

"Kilishi ne na Khadija. Ki sa masa a ƙasan jaka."

Khadija ita ce autarta, tana aure a can Amurka, ba ta daɗe da haihuwar fari ba. Hureira ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Yaya Jalal ya ce nama ne babban abin da suka hana a shiga da shi."

"Nama? Wa ya ce miki nama na ba ki? Kilishi na ce! Abin da ya bushe ƙamas, ina naman yake?"

"Mama, a wurinsu duk ɗaya ne…"

"A wurinsu!" Hawaye suka zubo wa Hajiya. "Ni duk jegon da na yi uwata na kaina, ga ruwan wanka, ga kunun kanwa, ga kauri har sai na ture. 'Yata ta haihu cikin ƙanƙara, babu mai dama mata ko koko. Ɗan abin da za ta tauna ta tuna tana da uwa shi ne za ku hana ni?"

Tausayi ya kama Hureira har idonta ya cika, amma ta girgiza kai. Hajiya ta harare ta sama da ƙasa ta ce, "To na ji, matar bature. Tashi ki ba ni wuri."

Ana jibi tafiya sai ga Hajiya ta shigo ɗakin Hureira, ta tarar da ita tana ninke rigunan jariri da ta saya na barka. Ta miƙa mata wani ɗan filo mai kyau, ɗinkin hannu, sai tashin turaren wuta yake yi.

"Tunda ni ba a karɓar saƙona, haɗa wannan da naki. Kada ki ce masa nawa ne, kin ji ko? Amana."

"To, Mama. Kai, amma da ɗan nauyi."

"Audugar rimi na danna sosai, kan jariri ba ya son abu lakaf-lakaf."

Hureira ta ji daɗi a ranta, a zatonta an yi sulhu. Ranar tafiya, a filin jirgin M'Poko, Jalal ya riƙe hannunta a ɓoye cikin mayafi ya ce, "Hureirata, kin tabbata babu abin ci a jakar nan? Kalmarki zan faɗa musu."

"Da hannuna na haɗa komai, Yaya. Kayan barkata ne kawai."

Ya tafi tana share hawaye, tana jin kewarsa tun jirgi bai ɗaga ba.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, wayarsa ta shigo, tana tankaɗe a kicin. Ta ɗauka da murna, amma muryar da ta ji ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Hureira, me na yi miki?"

"Innalillahi! Lafiya, Yaya?"

"Na wuce na'ura lafiya. Aka ce akwai abin bayyanawa, na ce babu. Ina jan jakata sai wani ɗan kare nasu ya zo ya zauna a gabanta, ya ƙi tashi. Suka sake tambayata, na sake cewa babu, har da cewa matata ce ta haɗa kayan kuma ba ta ƙarya. A gabana suka sa wuƙa suka farke filon nan naki. Kilishi, Hureira! An nannaɗe shi cikin leda, an lulluɓe da auduga!"

Rariya ta suɓuce daga hannunta, gari ya watse a ƙasa.

"Sun ci ni tara, sun cire ni daga tsarin, sun rubuta ni cikin waɗanda suka ɓoye kaya. Duk wannan bai ƙona min rai ba kamar yadda na tsaya ina rantsuwa a kan maganarki."

"Wallahi tallahi ban sani ba!"

"To wa ya ɗinka filon?"

Me za ta ce masa? Ta ce mahaifiyarka ce? Amarya da ko shekara biyu ba ta rufa ba ta shiga tsakanin ɗa da uwarsa? Ga kuma amanar da ta ɗauka da bakinta. Ta yi shiru, sai shessheƙa.

"Shirunki ya ba ni amsa," in ji shi. "Abu ɗaya, kada Inna ta ji wannan maganar, kin san jininta." Ya kashe waya.

Haka Hureira ta tsinci kanta an ɗaure ta ta gaba an ɗaure ta ta baya. Uwa ta ce kada ɗa ya ji, ɗa ya ce kada uwa ta ji. Wayar da a da ba ta hutawa safe da yamma ta koma kamar dutse. Ta aika gaisuwa, ya gani ya ƙi amsawa. Ta rame, zobenta na aure ya soma yi mata yawa a yatsa. Duk da haka ba ta fasa dama wa Hajiya kununta ba, ba ta fasa auna mata jini da miƙa mata magani ba. Wani lokaci in ta kalli tsohuwar tana jan carbi hankali kwance, sai haushi ya turnuƙe ta har ta buɗe baki, sai kuma ta tuna hawayen ranar nan na jego, ta haɗiye. Hajiya kuwa tana lura. Fushinta ya daɗe da sauka, don ko ba ta faɗa ba yarinyar ta shiga ranta. In ta tambaya, Hureira ta ce zazzaɓi ne.

Rannan da safe saƙon murya ya shigo daga Jalal, gajere: "Ki tafi gidanku ki huta tukuna, sai na neme ki."

Duk macen da ta san aure ta san abin da ke bin bayan wannan magana. Hureira ta yi kuka ta gode Allah, ta haɗa kayanta, ta sa aka tsayar da taksi-moto a ƙofar gida. Tana jan akwati a tsakar gida Hajiya ta fito daga banɗaki da buta.

"Ke! Ina zuwa da valis?"

"Yaya ne ya ce in je gida, Mama."

Buta ta faɗi, ruwa ya malale. "Wane gidan? Nan ɗin kasuwa ce? Ba ni wayar nan! Kira min shi, irin wanda ake ganin fuska!"

Fuskar Jalal ta bayyana, yana cikin motarsa, idanunsa sun faɗa. Bai gama gaisuwa ba ta rufe shi da faɗa.

"Jalalu, ni za ka kunyata a Kokoro? Yarinyar da ke riƙe da ni kamar ita na haifa, me ta yi maka?"

"Inna, magana ce tsakanina da ita. Amana ta ci."

"Amana? Kai ne za ka kira amana? Shekaranjiya na yi waya da Khadija, ta ce ka kai mata riguna amma ba ta ga filo ba. Na yi shiru ne ina jiran ka faɗa da bakinka. Ina filon da na ɓata idona na ɗinka? Ko cinye kilishin ka yi a hanya, ka bar mai jego da haɗiyar yawu?"

Tsit! Har mai taksi-moto da ke leƙe ta ƙofa ya daina danna hon. Jalal ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Inna… ke kika ɗinka filon?"

"Da wa zai ɗinka? Ita wannan na ba ta a fili ta ƙi, har da durƙuso. Shi ne na yi dabarata, tunda ba a buɗe jakarka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya dafe kai da hannu biyu, wayar ta karkace. Da ya ɗago, ya kwashe komai ya faɗa mata, tun daga kare har ƙwace kati.

"Kare?" Hajiya ta dafe ƙirji. "Kare ya shinshina kayan jikana? A kan kilishi aka yi maka wannan tozarcin?" Sai ta tsaya cak, kamar yanzu maganar ta iso mata. Ta juya a hankali ta dubi akwatin, ta dubi ramar da ke wuyan Hureira. "Ke kuma kin san ni ce, kika zauna ana yanka ki?"

Hureira ta sunkuyar da kai tana hawaye. "Ke kika ce kada ya ji, Mama. Shi kuma ya ce kada ki ji."

Hajiya 'Yargoggo, wadda duk Kilomita Biyar ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ta zube a ƙasa ta kama hannun surukarta. "Na kusa kashe aure da hannuna! Ki yafe min, 'yata. Wallahi son 'ya ne ya rufe min ido, na manta ke ma 'yar wata ce."

"Haba Mama, tashi don Allah! Ban riƙe ki ba."

Daga cikin waya muryar Jalal ta fito. "Hureirata… su can sai da suka bincike ni kafin su yarda da ni, kuma sai da suka gani da idonsu kafin su hukunta ni. Ni kuwa na san ki tun kina zuwa Islamiyya, na yanke miki hukunci a waya. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce a hankali, "Ka dai riƙa ɗaukar waya, Yaya. Shirun ne ya fi yi min ciwo."

Hajiya da kanta ta ja akwatin ta mayar ɗaki, ta leƙa ta ce wa mai babur, "Singila, mun gode, ɗana, tafi abinka, babu mai fita."

Katin dai bai dawo ba. Amma da takardun Hureira suka fito, Jalal ya zo da kansa ya ɗauke ta. Ranar tafiya Hajiya ta kafa kujera a bakin ƙofa, ta sa akwatuna a bayanta, duk wanda ya tunkaro da ƙulli sai ta ɗaga masa hannu tun daga nesa: "Koma da abinka! Kilishi ma nama ne!"

Da suka sauka a can, suka shiga dogon layi tare da kowa. Ta gefe masu kati suna wucewa fit-fit. Hureira ta dube shi da tausayi, shi kuwa ya kama hannunta ya yi murmushi.

"Bar su su wuce. Tawa amintacciyar tana nan."

Mahaƙurci mawadaci ne. Wanda aka yarda da shi, danginsa su taya shi riƙon amana, kada su mayar da ita hanyar biyan buƙatarsu. Miji kuma ya bincika kafin ya yanke hukunci, don shirun mace ba kullum ne yake nufin laifi ba, wani lokaci mutuncin gidanka take rufewa da shi.