Ƙwallayen Baba na Cikin Tafki

Yamma ce irin ta kullum ranar da abin ya fara. Umma tana kwashe shanya daga igiya, Auta na bakin ƙofa tana goge takalmin makaranta, shi kuma yayanta Dogo ya dawo daga shagon walda, ya jawo bokiti gabansa yana wanke ƙwallaye da tsohon burushi. Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba. Gidan ya riga ya koyi magana ƙasa-ƙasa, ko kofi a hankali ake ajiye shi.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwas. Ya gangaro, ya yi tsalle sau biyu a siminti, ya tsaya gaban ƙafar Umma. Farar ƙwallo ce 'yar ƙarama, jiƙe sharkaf, da ɗigon jan fenti uku a gefenta.

"Kai Dogo, da girmanka?" in ji Umma.

"Ba ni ba ne, Umma. Hannuna biyu na cikin ruwa."

Rana ta gama faɗuwa bayan katanga, iska ta tsaya cak, amma ruwan bokitin yana ta kaɗawa shi kaɗai.

Shekara talatin Baba ya yi yana ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin golf, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ranar Litinin akan rufe filin a bar ma'aikata su ma su ɗan buga, kuma tun Dogo yana ƙarami yake bin sa. Hannun Baba ba laifi, sai dai rami na bakwai, inda dole ƙwallo ta tsallake wani tafki kafin ta isa tuta. Can kullum bugunsa na farko cikin ruwa yake ƙarewa, sai na biyu ya tsallake. Abokan aiki suka sa masa suna mai ciyar da kifi. Shi dariya yake yi, Dogo kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ya girma sai ya samo wa abin dalili. Ya ji manyan 'yan wasa suna cewa ƙwallo mai araha tauri gare ta kamar tsakuwa, ba ta jin magana, mai tsada kuwa fatarta taushi, inda ka ce ta tsaya nan take tsayawa.

"Baba, tsintattun ƙwallayen nan naka ne ke ba ka kunya."

"Kai dai ba ka iya rawa ba, kullum makaɗi ne mai laifi," in ji Baba. "Irinmu 'yan koyo, ko ta zinariya aka ba mu, inda hannu ya aika ta nan za ta."

Dogo bai yarda ba. Da albashinsa na farko ya sayo kwali guda na masu taushin, guda goma sha biyu. Baba ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya ta, har ya shinshina, sannan ya ɗiga mata jan fentinsa sau uku. Ranar Litinin ya saita ta a rami na bakwai, ya buga. Tsulum, cikin ruwa, gaban kowa.

"Ashe ba ƙwallon ba ce, Baba," in ji Dogo. "Kai ne."

Ya juya ya tafi gida. Bai sake bin sa filin ba, bai kuma nemi gafara ba, yana cewa sai gobe. Sati shida bayan haka Baba ya kwanta ciwon kwana biyu, bai tashi ba.

Maganar nan ita ta tsaya wa Dogo a rai, har ta kai shi tafkin wata Litinin da tsakar rana. Ya naɗe wando ya shiga, yana lalube cikin laka, don ya dawo da abin da hannun ubansa ya taɓa. Bai sha wuya ba. Duk ya sami ƙwallayen wuri ɗaya, tsakanin wani faffaɗan dutse da ciyayin ruwa, an jera su kamar ƙwai cikin sheƙa. Ya cika buhu. Tsohon da ke yankan ciyawar filin ya tsaya daga nesa yana kallonsa.

"Ɗana, da ka bar su inda ka gan su."

Dogo ya saɓi buhunsa ya wuce.

Kashegarin jifan farko abin ya dawo, daga la'asar sakaliya har kiran magariba. Ƙwallaye suna sauka kan rufi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, alhali bakin buhun a ɗaure yake cikin ɗaki. Warin laka ya cika gidan. Umma ta share tsakar gida, ta juyo ta ga sawun ƙananan ƙafafu jiƙaƙƙu sun bi bango har ƙofar Dogo, irin tafiyar mai lalube. A rana ta uku suka ji kukan yaro, siriri, kamar daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa.

Auta ta daina cin abinci. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa da tsokanar yayanta ta koma zama jikin buhun, gefen zanenta kullum a jiƙe. A rana ta huɗu Umma ta kira ta sau uku, sai ta ɗago kai a hankali, hannunta na hagu damƙe da ƙwallo guda, ta amsa da muryar tsohuwa.

"Ba ta nan."

Malamin da aka kira gajeren dattijo ne, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya iso rana na shirin faɗuwa, ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma nesa kaɗan da yarinyar. Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Auta ta fara rawar jiki kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ruwa na tsatsafowa daga gashinta.

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Malam, ba mu shigo gidansu ba sai da suka shiga namu."

"Faɗi abin da aka yi miki."

Muryar ta ja dogon numfashi. Ta ce shekaru ashirin da bakwai da suka wuce wani saurayi mai ɗaukar jaka ya saci bugu da magariba, ƙwallon ta faɗa tafki ta samu ɗanta a fuska, tun ranar ba ya gani. Saurayin ya ji kuka, bai gudu ba. Ya durƙusa bakin ruwa ya roƙi gafara, ya kuma yi alkawarin kowace Litinin zai aiko wa yaron ƙwallo guda ya yi wasa.

"'Ya'yanmu ba sa saurin girma irin naku. Yana zama kan dutsen yana jiran ƙarar faɗowarta. Ɗigon fentin nan da kuke gani, da kauri mutumin yake yin su don yatsun makaho su gane tasa. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa kauce wa wurin da taku ɗaya ba."

Dogo ya ja da baya. Ya sulale jikin bango ya zauna.

"An zalunce ku," in ji Malam. "Amma yarinyar nan me ta ɗauka?"

"Ba ta ɗauki komai ba. Ɗana na son muryarta. A bar mana ita."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya sandare, muryar ta yi ta gurnani har ta gaji.

"Tsaya, Malam. A dawo da kayanmu, kuma wannan dogon ya gaji ubansa, kowace Litinin har ya mutu."

"Alkawarin mamaci ya bi shi kabari. Ba za ki ɗora wa maraya igiyar da bai ɗaura ba. Abin da ya ɗauko zai mayar, shi ke nan."

Can waje wata ƙwallo ta gangaro daga rufi ta tsaya.

"To guda ɗaya," in ji muryar, ta yi laushi. "Da sanda, daga inda uban yake tsayawa, ta sauka gefen dutsen. Yaron bai san mutumin ya mutu ba. In ya ji ta faɗo sau ɗaya, zan samu bakin gaya masa. Kuma a aiko mai taushin nan, irin shidan ƙarshe. Su ya fi so, ba sa yi masa zafi a tafi. Da mutumin ya kawo ta farko, ya dawo shi kaɗai da yamma ya tsaya bakin ruwa, yana ta gaya mana ɗansa ne ya sayo."

Malam ya dubi Dogo. Dogo ya gyaɗa kai.

"Na fita," in ji muryar. "Amma hannun nan nawa ne sai na ji ƙarar ruwa."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta langaɓe jikin Umma. Idonta ya dawo nata. Hannun hagun kuwa yana nan a damƙe, sanyi ƙalau, yatsun sun fara yin baƙi. Kwana biyu suka yi suna gasa shi da ruwan ɗumi, ko motsi.

Ranar Litinin da hantsi Dogo ya mayar da buhun, ya jera ƙwallayen yadda ya same su. Sannan ya hau inda Baba ke tsayawa, da sandar Baba da ragowar shidan cikin kwali, kowace ya ɗiga mata fenti da kauri. Daga nan dutsen bai fi faifai girma ba.

Ya buga ta farko. Ta tashi sama, ta tsallake tafkin gaba ɗaya, ta sauka dab da tuta ta tsaya. Bai taɓa yin bugu irin wannan ba tun da aka haife shi.

Tsohon mai yankan ciyawa ya kashe injinsa. "Kai, wannan ko manyan sai su yi maka tafi."

"Ba can nake nufi ba, Baba tsoho."

Ta biyu ta faɗa ruwa can gefen dama. Ta uku ko bakin tafkin ba ta kai ba. Ta huɗu ta sake tsallakewa, ta biyar ta daki dutsen ta yi tsalle cikin ciyawa. Gumi ya jiƙa masa riga, yana ganin baƙaƙen yatsun ƙanwarsa a duk inda ya duba. Tsohon ya matso, ya tsaya bayansa.

"Sassauta riƙon. Ubanka rabin ƙarfi yake sa wa, kamar mai miƙa wa yaro abu."

"Ka sani ashe?"

"Ni dai ciyawa nake yanka. Buga."

Dogo ya yi bisimilla ya buga. Ƙwallon ta tashi ba nisa, ta rataya a iska kamar tana shawara, sannan ta sauka tsakanin dutsen da ciyayin. Ruwan ya buɗe ya rufe. Suka tsaya su biyu har da'irar ƙarshe ta mutu a bakin gaɓa.

Da ya isa gida ya tarar da Auta a bakin ƙofa, kwano kan cinyarta, tana ci kamar za ta haɗa da cokalin. Umma na riƙe da hannun hagun tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna lanƙwasuwa. Auta ta ɗago ta ƙare masa kallo, daga lakar wandonsa har fuskarsa.

"Yaya Dogo, wa ya dake ka? Faɗa mini in je in rama maka."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Kukan da bai yi ba ranar da aka fita da Baba, shi ya zo masa yanzu, Umma kuwa ba ta ce ya yi shiru ba.