Jak Biyu na Taraktar Manoman Tattasai

Ranar Asabar da hantsi Malam Abatcha, shugaban ƙungiyar manoman tattasai, ya shigo kwamisariyar 'yan sandan Diffa yana haki.

"Mushe Sufeto, an kashe mu! An kwance jak biyu masu ɗaga cebur ɗin taraktarmu jiya, muna masallacin Juma'a. Kogin Komadugu na hawa. In ba mu ƙara tudun tare ruwa ba, nan da kwana huɗu tattasai ya nutse."

Sufeto Maina ya ƙarasa shayinsa, sannan ya ɗauki hula.

Taraktar na tsaye bakin gona, cebur ɗinta kwance a ƙasa. Maina ya durƙusa. Ba ɗigon mai ko ɗaya a kan yashi. Bakin kowane tiyo an rufe shi da leda, an ɗaure da roba.

Ya juya ga Ajimi direba. "Kana ina jiya da azahar?"

"Sahun gaba, ranka ya daɗe."

"Wane sahu!" in ji Abatcha. "Kifi ka tafi kamu."

Ajimi ya sunkuyar da kai. Maina ya miƙa masa akwatin kayan aikin taraktar. "Kwance min wannan notin."

Ya gwada sufana shida. Babu wadda ta kama.

"Ta Ɗanmalam mai walda ce kaɗai ke shiga," in ji Ajimi. "Da tsohon ƙarfen tirela ya ƙera cebur ɗin, sufanar ma shi ya goge abarsa."

Sun tarar da Ɗanmalam mai walda, Badamagare, a rumfarsa bayan tasha.

"'Yan tsallaken kogi ne, Sufeto. Kowa ya san halinsu," in ji Ɗanmalam da Maina ya tambaye shi.

"Ɓarawo yanke tiyo yake yi ya gudu, Malam. Wannan ya sauke cebur, ya saki mai, ya rufe tiyo don kada yashi ya shiga. Ban taɓa ganin ɓarawo mai tausayin injin wani ba."

Ɗanmalam ya ajiye gudumarsa. Can ya ɗaga buhun da ke ƙarƙashin bencinsa. Ga jak biyu, an shafe su da giris.

"Ranar Alhamis na ga waldata ta tsage a hannun hagu na cebur ɗin. In ya ɗauki laka cike, kan Ajimi zai faɗo. Shekara ashirin ba a taɓa maido min da aiki ba. Na ce bari in tsayar da taraktar in gyara a ɓoye, ba tare da kowa ya ji ba."

"Kai, Baba!" in ji Ajimi. "Da ka faɗa, ai da kifi zan kawo maka."

Maina ya buɗe ƙofar mota. "Shiga. Za ka rubuta bayani ka sa hannu, daga nan a kai ka bakin gona da injin waldarka."

"A ba ni kwana uku, Sufeto."

"Ni zan iya ba ka," in ji Maina. "Amma kogi kwana biyu ya ba ka, sauran biyun na ƙara tudu ne."