Toka a Gindin Kaka

Da safiyar Litinin aka tarar an yanke nonon 'ya'yan Kaka na ƙarshe.

Kaka bishiyar kwakwar manja ce, mafi tsufa a gonar gwaji ta cibiyar. Daga daji aka kawo irinta shekara arba'in da suka wuce. Da ciwon ruɓewa ya shiga filin, ya kashe na damanta da na hagunta, ita ko ganye bai taɓa mata ba. Wannan nonon, wato curin 'ya'yanta, da hannu aka yi masa barbara, don a samu iri mai jure ciwon.

Wata sufeton 'yan sanda ta iso da hantsi. Manaja ya tarbe ta da gumi a goshi.

"Ranki ya daɗe, ba a fasa kwaɗon ƙofar filin ba. Makulli biyu ne, nawa da na mai kula da iri. Ki tafi da ita kawai."

"Ina kake jiya?"

"Taro a hedikwata. Mutum ashirin sun gan ni."

"Me za ku yi da 'ya'yan?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya injin matse mai za a kai su. Umarni ne daga sama. Iri ɗaya za mu riƙa shukawa, mai yawan mai. Yau ma za a fara sare tsohon filin."

Mai gadi ya rantse ya kuma rantsewa. Matarsa ya kai asibiti, ga takarda. "Ni da ko kujera na hau sai jiri ya ɗebe ni, ina ni ina Kaka?"

Sufeto ta zagaya gindin bishiyar. Ɓarawon mai ba zai wuce manyan nonna a bakin shinge ya zo nan ba, don 'ya'yan Kaka ba su da tsoka. Kuma nono in ya faɗo daga sama yakan lotsa ƙasa, 'ya'ya su watse. Nan babu lotsawa, babu ƙwaya ko ɗaya. Da igiya aka sauko da shi, kamar jariri. Sai ɗan farin gari a kan ciyawa. Ta murza a yatsa. Toka.

Ta kira shugaban masu yanka. "Laujenku na kaiwa can?"

"Ko an haɗa sanda biyu ba ya kaiwa. Mu ba birai ba ne." Ya ga yatsanta, ya yi dariya. "Toka? Wa ke shafa wa bishiya toka a ciwo yanzu, in ba Baba mai hawa ba? Shi ma wata shida ke nan da sallamarsa. Barbarar nan ce aikinsa na ƙarshe."

Mai kula da iri tana zaune a ɗakin ɗumi, inda ake ajiye iri kafin ya tsiro.

"Ina makullinki yake kwana?"

"A ƙusa, bayan ƙofar ɗakina."

"Da wa kike zaune?"

Ta kau da kai gefe.

"Kin ga tokar tun da safe, ko?"

Hawaye ya zubo mata. "Ni na yanke. Ki rubuta haka."

"Nuna mini tafin hannunki." Sumul yake, ba kanta ko ɗaya. "Tashi mu je gida."

Mahaifinta, Baba mai hawa, yana zaune a tsakar gida, ƙafafunsa duk ƙujewa. Bai jira tambaya ba.

"'Yar nan ba ta san komai ba. Barci take bayan azahar na zare makullin."

"Baba, don Allah ka yi shiru!"

"Ke ki yi shiru, uwata. Na tsufa da ɓuya a bayan zanenki."

Sufeto ta tsuguna. "Kai ka yi barbarar, kai kaɗai ka san ranar nunarta. Ka sauko da nonon da igiya. Sannan ka kasa tafiya ka bar ta da ciwo a buɗe. Tokar ce ta kawo ni."

"Hannu ne ya saba." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ni da wana muka ɗauko irinta a ka, tafiyar kwana tara. Shi bai dawo ba, zazzaɓi ya riƙe shi a hanya. Dajin ma yanzu babu shi. Suna so gona ta zama 'ya'yan mutum ɗaya. To ranar da ciwo ya san gidan, wa zai rage?"

Ya jawo buhu daga bayan murhu. Ƙwayoyin a wanke, a shanye, ɗari uku da 'yan kai.

Sufeto ta daɗe tana kallonsu. Ɗakin ajiyar shaida na ofishinsu sanyi ne da danshi. Kafin a gama shari'a sun mutu. Ta ciro takarda ta yi rubutu, ta miƙa wa 'yar.

"Shaida ce ta hukuma. Na damƙa miki ajiyarta a ɗakin ɗumi. Ba mai taɓa ta, ko manaja. Sa hannu."

Ta juya ga tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, sai ka zo mu je."

Ya nemi takalmansa da ƙafa. "Uwata, ki riƙa buɗe musu su sha iska duk mako. Kada ki manta."

Hanyar ofis ta bi ta bayan gonar. Injin sare itace yana ta kuka. Wani abu mai nauyi ya faɗi, har gilashin motar ya girgiza. Tsohon bai waiwaya ba.

"Ita ce," ya ce. "Na san nauyinta."