Ƙarar Ja da Baya

Ana gab da magariba, matar direba na kwashe shanya, sai ta ji wata ƙara daga ɗakin 'yarsu: tit, tit, tit. Gidan kuwa babu agogo, babu rediyo. Mijinta, mai tuƙa motar ɗaga kaya a dandamalin lodin wani sito, ya ajiye buta a hankali. Ya san ƙarar. Ita motar ke yi idan tana ja da baya.

Yarinyar ta fito da baya da baya, tana jan ƙafar hagu.

Kwana uku ana haka. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara zuba a kan kwano, ƙafar kuma sai ƙara kumbura take yi. A yammaci na huɗu aka kawo wani malami tsoho. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da muryar namiji.

"Malam, daina ƙona ni. Tambayi mai gidan, wa ya yanke wayar ƙarar nan?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Ciwon kai take sa ni," in ji shi.

"Ciwon kai! Shekara arba'in ina ƙarƙashin dandamalin nan. Da ƙarar nake janye 'ya'yana daga hanya. Ran nan ya taho shiru, ya bi ta kan ƙafar tsohon lebura, ya haɗa da ta autata. Ya ce wa manaja tsohon ne bai kula ba, aka sallami tsohon yana dogara sanda. Ƙafa a madadin ƙafa, Malam."

"Wannan yarinya ba ta tuƙa komai ba. Faɗi wani abin," in ji malamin.

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"To, ya faɗi gaskiya gaban manaja da leburori, tsohon yana zaune."

"Korata za su yi," in ji direba.

Gwiwar yarinyar ta fara murɗewa. Uwar ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta kawai, ta ce, "Baban yara."

"Zan faɗa. Wallahi gobe zan faɗa."

Yarinyar ta yi atishawa uku, ta zube a jikin uwarta.

Da safe ya sa rigar aiki, ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. 'Yar ce ta kawo masa takalmansa, tana takawa da ƙafa biyu.

"Baba, za ka makara."