Ya Sauya Ƙafa

Ranar wata Alhamis da hantsi Fatimatuz Zahra tana zaune a tsakar gidansu da ke Durun tana tsince shinkafa, amma kunnenta yana bakin hanya. Wata uku ke nan cur ba ta ji rurin motar Ahnaf ba, jar motar nan mai gudu wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Ke Zahra, shinkafar kike zubarwa kina barin tsakuwar," in ji Inna Saudatu, mahaifiyarta. "In kuka za ki yi, shiga ɗaki ki yi, kada ki jiƙa min abincin rana."

"Ba kuka nake ba, Inna, hayaƙi ne."

"Wane hayaƙi? Ko wutar ban hura ba."

Ahnaf mutumin Gwarzo ne, yana sana'ar hatsi tare da mahaifinsa. Saurayi ne mai ladabi da tsare salla, sai dai Allah ya jarrabe shi da son mota. Ya cire ƙafafun da motar ta zo da su, ya sa mata manyan rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, masu inci goma sha tara, da taya siririya kamar an ɗaura mata zare. A kwalta abin sha'awa ce, amma hanyar Durun ba kwalta ba ce.

Ana dab da sa ranar aurensu sai abokin karatun mahaifinta, Malam Ƙasim, ya rasu a Jama'a. Ahnaf ya roƙi alfarmar ya kai mahaifin Zahra, wanda ake kira Malam, jana'iza. Ba su yi nisa ba motar ta faɗa wani rami da ruwan sama ya ci, tayar gaba ta fashe, rim ya lanƙwashe. Kafin su isa an riga an binne mamacin. Malam ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a, hawaye yana bin gemunsa.

Washegari ya kira babban ɗansa Balarabe ya ba shi saƙo zuwa Gwarzo. Da yamma saƙon Ahnaf ya shigo wayar Zahra: "Yaya Balarabe ya ce Baba ya ce in ɗauke ƙafa. Na karɓi hukuncinsa, domin laifina ne. Ki yi min addu'a." Daga nan bai sake kira ba, ita ma ba ta kira ba, don ba ta saba ƙetare maganar mahaifinta ba, kunya kuma ba za ta bar ta ta tambaye shi dalili ba. Ta rame, ta rage magana. Kullum bayan la'asar takan hau benci ta leƙa ta kan katanga, da sunan duba shanyar kuɓewa.

Sau ɗaya ta tari Balarabe a zaure.

"Yaya, don Allah haka Baba ya faɗa?"

"Ɗan gayu ne, Zahra. Mutumin da ya fifita ƙyalƙyalin rim a kan jana'iza? Ki manta da shi kawai."

A wannan Alhamis ɗin, da ta kai wa Malam fura a ɗakin karatunsa, sai ya ajiye tabarau ya dube ta da kyau.

"Fatima, shin yaron nan har yanzu bai samu tayoyin ba? Ko Kano ce ta ƙare da taya?"

Zahra ta ajiye kwanon. "Waɗanne tayoyi, Baba?"

"Na aika masa ya sauya ƙafa kafin ya sake zuwa. Na yi shiru ne ina zaton ku kuka ɓata, ban so in sa baki."

Zahra ta durƙusa, kukan da ta riƙe wata uku ya kufce. Aka kira Balarabe, ya zo ya zauna a bakin tabarma kansa a ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, ai na san ba ka faɗin magana a fili. Da ka ce ya sauya ƙafa, sai na fahimci ya sauya hanya, wato ya ɗauke ƙafa daga gidan nan. Ishara na ɗauka."

"Ishara?" in ji Malam. "Ƙafar mota nake nufi, Balarabe, ta roba da ƙarfe. Shekara ashirin ina koya maka fassara, ashe son zuciyarka kake karantawa a bakina. Tashi yanzu ka tafi Gwarzo, ka faɗi abin da na faɗa harafi da harafi."

Bayan la'asar Zahra ta hau bencinta. Wannan karon ba ta ko dubi kuɓewar ba. Can sai ta jiyo rurin da ta sani, jar motar ta ɓullo tana bin ramukan a natse, ba ta ko tsaya ba.

Malam ya fito da kansa. Bayan doguwar gaisuwa ya zagaya motar, ya sunkuya ya danna tayar da babban yatsa.

"Yaushe aka sa wannan?"

"Kwana uku bayan jana'izar, Baba," in ji Ahnaf a durƙushe. "Na sauko zuwa inci goma sha bakwai. Na so sha shida, amma birkin motar babba ne, ba zai shiga ba. Abin da na rage na ƙarfe na mayar da shi roba, don tsayin ƙafar ya zauna yadda yake, kada ta gogi jiki, kada kuma mitar gudu ta yi min ƙarya."

"Ka san hanyarmu za ta ɗauka?"

"Kowace Juma'a nakan gwada ta, Baba. Ina zuwa har tsamiyar bakin gari, sai in juya."

Zahra, da ke bayan ƙofar zaure, ta toshe baki da mayafi. Tsamiyar nan ana hango ta daga kan bencinta, ranar Juma'a kaɗai ce ba ta hawa, saboda karatun mata.

"Sau nawa?" in ji Malam.

"Sau goma sha biyu."

Malam ya juya ya goge ido da gefen rawani. "Buɗe min ƙofa. Mu je Jama'a mu ziyarci abokina, in mun dawo sai ka gaya wa mahaifinka ya turo a sa rana."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, kuma a wannan motar aka kai amarya Gwarzo, Balarabe ne ya tuƙa.

Ya ku matasa, ku lura da abu biyu. Wanda aka ba saƙo amana aka ba shi, ya isar da shi yadda ya ji, kada ya ƙara masa fassarar da zuciyarsa ke so. Wanda kuma ya danne son ransa don girmama iyaye, ko da kuskure ne ya raba shi da masoyinsa, Allah ba ya tozarta haƙurinsa; Ahnaf ya juya daga tsamiya sau goma sha biyu, a na sha uku aka buɗe masa ƙofa.