Madina Ƙawar Hadiyya

Rana ta kusa faɗawa bayan duwatsun da suka kewaye garin Dutse, kaji sun fara shiga akurki, Inna Larai na gindin murhu tana kwashe tuwo, sai jikarta Hadiyya ta fito daga bayan ɗaki da sabon kitso a kanta.

Tsohuwa ta ajiye mara. Da azahar ta ga kan nan a tsefe, kuma yarinya ba ta leƙa ko zaure ba. Kitson ƙanana ne, an ja su sun kwanta, an karkata tsagar zuwa hagu. Mutum ɗaya Inna ta sani mai irin wannan tsaga, ita ce Halimatu uwar yarinyar, wadda aka binne watannin baya.

"Wa ya yi miki kitso?"

"Madina, ƙawata. Na gaya mata yadda Umma take yi."

Ba ranar aka fara jin sunan ba. Tun bayan rasuwar, Hadiyya kan zauna a lungun bayan ɗaki tana hira ita kaɗai, tana dariya, tana raba gyaɗa kashi biyu. Ubanta Misbahu, direban adaidaita sahu, ya ce wasan yara ne, a ƙyale ta. Har cikin ransa ya ji sauƙi, don a farkon kwanakin kukan yarinyar ya hana kowa sakat. Inna ta yi ta kwaɓarta cewa hawaye wuta ne a kan mamaci, aka tattara kayan Halimatu aka mayar gidansu, aka daina ambaton sunanta. Shi kuwa ya koma fita tun asuba, ba ya dawowa sai ya tabbatar ba zai haɗa ido da idanun da suka yi kama da na matarsa ba. Hadiyya ta daina kuka. Kowa ya ce ta dangana.

A wannan yammacin Inna ta kama ta, ta tsefe kitson da ƙarfi tana karanta abin da ta iya. Ana ɗaga kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa randa. Maƙwabta suka fito, aka zagaye gidan, ba a ga kowa ba, duwatsun kuwa da aka ɗauka da zafi suke kamar daga murhu aka ciro su.

Haka gidan ya zama. Kullum rana ta yi ja, shiru ya sauka, sai jifa. Wani lokaci a ji muryoyin yara biyu a lungun, a leƙa a tarar da ɗaya. Hadiyya ta daina cin abinci, ta ce Madina ce ke jin yunwa, kwanon abincinta kuma a wayi gari a same shi a suɗe. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Wata ranar Talata aka neme ta aka rasa. Wani mai kiwo ya hango ta can saman dutsen da ake fasa tsakuwa, tsaye a bakin ramin, hannunta ɗaya a miƙe kamar wani ne ya riƙe shi. Misbahu ya hau da rarrafe, ya cafko rigarta ƙafarta ɗaya na lilo a iska. Ta juyo ta dube shi ba tsoro a fuskarta.

"Abba, sake ni. Madina ta ce a gidansu ba a hana mutum kuka."

Washegari ya ɗauko Malam Idirisu daga Buji, dattijo mai ƙaramar murya wanda aka sani da ruƙiyya. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, aka zaunar da yarinya a cinyar kakarta, ya dafa kanta ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cinye tsakar gida. Can jikin Hadiyya ya sanƙare, idanunta suka juye, ta buɗe baki. Inna ta zaci za ta ji gurnani. Muryar wata yarinya ce ta fito, siririya, a gajiye.

"Malam, ka daina, yana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Madina."

"Musulma ce ke?"

"Musulma ce. A cikin dutsen can muke. Ranar da mutanenku suka sa masa nakiya, uwata na ciki. Ni na fita ɗebo ruwa."

Malam ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Wucewa nake na ji tana kuka ta cusa zani a baki kada a ji. Na tsaya in ga wa zai zo. Ba wanda ya zo. Sai na zauna."

Misbahu ya sunkuyar da kai.

"Kin ga yadda ta koma?" in ji Malam. "Jikinta ba irin naki ba ne. Gidanku da kike son kai ta, kabarinta ne. Ki fita."

"Ku yanka mini baƙin bunsuru in bar jifa."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To ku bar ni in riƙa zuwa ranar Juma'a kawai."

"Ko sau ɗaya a shekara ban yarda ba."

Ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ta murɗewa, muryar na kuka irin na yaron da ake janye shi daga ƙofar gidansu. Daga baya ta ce, "Zan tafi. Amma in na tafi wa zai zauna da ita?"

Malam ya juya ya dubi Misbahu.

"Ni," Misbahu ya ce.

Kan Hadiyya ya juyo gare shi, fararen idanun suka tsaya a kansa. "Kai da ko sunan uwarta ba ka iya faɗa?"

Misbahu ya ce, "Halimatu. Halimatu Sa'adiya." Ya rushe da kuka a gaban mahaifiyarsa.

Malam ya sa Madina ta yi rantsuwa da Allah ba za ta dawo ba, ta yi. Babban yatsan ƙafar Hadiyya ya karkaɗa, ta yi atishawa, jikinta ya saki. Aka kira magariba, kwano bai yi ƙara ba.

Da ta farfaɗo, lungun ta nufa tana dafa bango. Ta kira, ta sake kira. Ta dawo ta tsaya a gaban ubanta.

"Ita ma ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Mu muka ce ta tafi."

Ta kai masa duka da 'yan hannayenta, a ƙirji, a fuska, tana ihu. Bai kare ba. Inna ta buɗe baki za ta tsawatar, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Hadiyya ta daɗe ba ta yi masa magana ba. Ya rage fita, yakan zauna kusa da ita da kwano har ta ci loma biyu ko uku. Wata safiya, ba tare da ta dube shi ba, ta ce ya nuna mata inda Umma take.

Ya ɗauke ta a adaidaita zuwa maƙabarta, ya ɗaga ta ta leƙa ta saman katanga. Damina ta bi ta kan kaburburan, ciyawa ta rufe su, an kuma yi sababbi da yawa a layin. Ya duba gabas, ya duba yamma, zufa na karyo masa.

"Wanne ne, Abba?"

Ya kusa nuna mata ko wanne ne. Sai ya ce, "Ban gane shi ba, Hadiyya. Tun ranar ban dawo ba."

Ta kalli ciyawar. Sannan ta ɗora haɓarta a kan katangar ta ce, "To kada ka sauke ni tukuna."